Musulmi da Yahudawa: Gabar Gado Ce Ko Rikicin Ƙasa?

Duk sa'ad da wuta ta sake tashi a Gaza, akwai bayanin da ya fi kowanne saurin zagaya majalisu da zaurukan WhatsApp: ai gabar nan ta gado ce, tun zamanin Annabi ake yin ta, kuma sai tashin ƙiyama za ta ƙare. A ɗaya ɓangaren ma akwai masu irin wannan magana, masu cewa da ƙin Bayahude aka haifi Musulmi, don haka ba abin da za a ba shi ya gamsu. Masu tsattsauran ra'ayin ɓangarorin biyu ba sa ga-maciji da juna, amma a kan wannan batu bakinsu ya zo ɗaya. Bayanin yana da daɗin faɗa, domin yana sauke wa kowa nauyin bincike. Sai dai tarihi bai goyi bayansa ba.

A 1492, lokacin da sarakunan Kirista na Sifaniya suka ba Yahudawa zaɓi tsakanin barin addininsu da barin ƙasar, dubun-dubatarsu sun nufi ƙasashen Musulmi: Fas, Tilimsan, Tunis, Masar, da biranen Daular Usmaniyya ta Turkiyya. Sarkin Santambul na lokacin, Bayazid na biyu, ya buɗe musu ƙofa, har birnin Salonika ya zama gari mai rinjayen Yahudawa na tsawon ƙarnuka. Wanda ake kora ba ya gudu gidan da ya san a can ne za a yanka shi.

Wannan ba ya nufin babu saɓani tun farko. Akwai shi, kuma a Madina aka fara. Da Annabi (SAW) ya yi hijira a 622 ya tarar da manyan ƙabilun Yahudawa uku, Banu Ƙainuƙa'a da Banu Nadir da Banu Ƙuraiza, masu gonakin dabino da ganuwa da sana'ar ƙira, kowacce da ƙawayenta cikin Aus da Khazraj. An rubuta yarjejeniya wadda ta bar wa Yahudawa addininsu, Musulmi nasu, tare da sharaɗin kare garin tare. Ba ta ɗore ba. Akwai saɓanin aƙida, tunda akasarin Yahudawan ba su karɓi annabcinsa ba, akwai kuma siyasar gari da ke cikin yaƙi da Ƙuraishawa. Aka fitar da Banu Ƙainuƙa'a bayan Badar, Banu Nadir bayan Uhudu. Banu Ƙuraiza, waɗanda aka tuhuma da warware alkawari ana tsakiyar Yaƙin Gwalalo a 627, su ne hukuncinsu ya fi tsanani: Sa'adu ɗan Mu'azu ya yanke a kashe mazan, a kama mata da yara. Littattafan sira ba su ɓoye wannan ba, Yahudawa ma ba su manta ba.

Abin da ya kamata a duba shi ne yadda Musulmin farko da kansu suka fahimci waɗannan abubuwa. Ba su ɗauke su a matsayin umarnin yaƙar kowane Bayahude har abada ba. Bayan an ci Khaibara a 628 an bar mutanenta a gonakinsu bisa rabon amfanin gona biyu, sai daga baya Sayyidina Umar ya fitar da su daga Hijaz. Annabi ya auri Safiyya 'yar Huyayyu, wadda mahaifinta shugaba ne cikin Banu Nadir. Ya rasu sulkensa na jingine a wurin wani Bayahude saboda sha'ir da ya karɓo wa iyalinsa. Alƙur'anin da ya ce za ka samu Yahudawa da mushirikai sun fi kowa adawa da muminai, shi ne ya ce ma'abota littafi ba duka suka zama ɗaya ba, shi ne kuma ya halatta yankansu da auren matansu. Da Musulmi suka karɓi Ƙudus daga hannun Rumawa a zamanin Umar, a lokacin ne iyalan Yahudawa suka samu damar komawa zama cikin birnin bayan an daɗe da haramta musu. Da mayaƙan kuros, wato Kiristocin Turai, suka shigo a 1099, Musulmi da Yahudawa tare aka karkashe su.

Tsarin da ya tafiyar da zaman tare na sama da shekara dubu shi ne zimma. Bayahude ko Kirista zai biya jizya, a kare masa ransa da dukiyarsa da wurin ibadarsa, malamansa su yi masa shari'a a kan aure da gado. A madadin haka yana ƙasa da Musulmi a doka: ba ya gina sabon wurin ibada, ba ya hawa doki, a wasu wuraren sai ya sa tufafin da za a gane shi, shaidarsa ba ta tsayawa a kan Musulmi. Wani sarkin ya kau da kai daga waɗannan sharuɗɗa, wani ya ƙarfafa su har da ƙari. Shi ya sa duk wanda ya shiga wannan tarihi yana neman abin da zai kafa hujja da shi, zai samu. Mai neman zaman lafiya zai nuna Hasdai ɗan Shaprut, likita kuma jakada a fadar Abdurrahman na uku a Ƙurɗuba, ko Sama'ila ɗan Nagrila da ya yi waziri a Garnaɗa har yana jagorantar rundunar Musulmi. Mai neman tashin hankali zai nuna cewa ɗan wazirin nan, Yusufu, a 1066 jama'ar gari suka far masa suka kashe shi tare da ɗimbin Yahudawan birnin. Rayuwar Musa ɗan Maimuna, babban malamin Yahudawa, ta haɗa fuskokin biyu: iyalinsa sun gudu daga Ƙurɗuba saboda sarakunan Muwahhidun masu tilasta wa mutane musulunta, amma a Masar ya sami mafaka, ya zama likita a fadar Salahuddin, kuma da Larabci ya rubuta yawancin littattafansa kafin ya rasu a 1204.

Mu ma muna da igiyar da ta ɗaure mu da wannan babi, ko da yake ba kasafai ake faɗa ba. Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano da Katsina ya kuma rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa nasiha kan mulki, kafin ya iso ƙasar Hausa rigima ya baro a Tuwat, cikin saharar Aljeriya ta yau. Ya yi fatawa cewa Yahudawan Tamantit sun warware zimma saboda kusancinsu da masu mulki da ƙarfinsu a fatauci, don haka a rushe wurin ibadarsu. Alƙalin Tuwat, Al-Asnuni, ya ce bai halatta ba. Aka aika tambaya ga malaman Fas da Tilimsan da Tunis, su ma suka rabu biyu. Magili ya zartar da nasa ra'ayin a wajajen 1490, aka rushe ginin, aka kashe wasu, wasu suka watse. Daga baya yana Gao wurin Askiya Muhammadu labari ya iske shi an kashe ɗansa a Tuwat. Abin lura a nan shi ne malaman Malikiyya ne suka yi jayayya da shi, da hujjojin fiƙihu, don kare haƙƙin Yahudawa. Kuma ƙarƙashin fatawar akwai zancen kasuwa da iko, kamar yadda aka saba.

In aka ɗora wannan duka a ma'auni, a ganina hukuncin adalci shi ne: Bayahude a ƙasar Musulmi ba daidai yake da Musulmi ba, amma galibi ya fi ɗan'uwansa na Turai kwanciyar hankali nesa ba kusa ba. Ingila ta kori Yahudawanta a 1290, Faransa ta yi ta korarsu tana dawo da su, a garuruwan Jamus an ƙone su bisa zargin su suka kawo annoba. Kuma har zuwa ƙarni na 19, abokin hamayyar da ke hana sarakunan Musulmi barci ba Bayahude ba ne, Turai ce ta Kirista mai jiragen ruwa da igwa. Yahudawa ba su da ƙasa, ba su da runduna, ba wanda ya ɗauke su barazana. An fi raina su fiye da a ji tsoronsu.

Daga Turai sabon abin ya zo, kuma kaya uku ya zo da su.

Na farko ƙiyayyar Yahudawa irin ta Turai, mai tatsuniyoyin da Musulmi ba su san su ba. A 1840 wani limamin Katolika, Fada Toma, ya ɓace a Dimashƙu. Aka yaɗa cewa Yahudawa ne suka yanka shi don su yi amfani da jininsa a ibada, ƙagen da ya daɗe yana cin rayuka a Turai. Ƙaramin jakadan Faransa ne ya tsaya kai da fata a kan zargin, aka kama mutane aka azabtar, wasu suka mutu, sai da Sarkin Santambul ya fitar da takardar da ta ƙaryata ƙagen. Sannan ga ƙasidar nan da ake kira Yarjejeniyoyin Dattawan Sahayoniya, wadda ta fara fitowa a Rasha a 1903 tana iƙirarin tona asirin shirin Yahudawa na mallake duniya. Tun 1921 jaridar Times ta Landan ta nuna jabu ce, an kwaso ta ne daga wani tsohon rubutun zambo na Faransa da bai ma ambaci Yahudawa ba. Hitila ya yi amfani da ita, aka fassara ta zuwa Larabci, har ta shiga kundin Hamas na 1988. Da yawa daga abin da muke ji a wa'azi da sunan "makircin Yahudu", inda komai daga faɗuwar darajar kuɗi zuwa fim ɗin da yara ke kallo aikinsu ne, in ka bi sawunsa ba ya kai ka ga Buhari ko Muslim. Ga wannan jabun yake kai ka.

Na biyu kishin ƙasa irin na zamani, wato kowace al'umma ta samu ƙasarta da tutarta. Bayan kashe-kashen da aka yi wa Yahudawa a daular Rasha daga 1881, sama da miliyan biyu sun yi ƙaura, akasarinsu Amurka. Kaɗan ne suka nufi Falasɗinu. Theodor Herzl, ɗan jarida daga Biyana, ya yanke cewa Turai ba za ta taɓa karɓar Bayahude ba komai wayewarsa, mafita ita ce ƙasa tasu. A 1897 ya tara taron farko na Sahayoniyawa, wato masu neman kafa wa Yahudawa ƙasa a Falasɗinu, a Basel. A Munik aka so yi, malaman Yahudawan Jamus suka ƙi. Wannan abu ne da ake yawan mantawa: jagororin farko na wannan tafiya ba masu ibada ba ne, kuma da yawa daga malaman addininsu sun yaƙe ta, wasu don suna ganin komawa ƙasa mai tsarki sai Almasihu ya bayyana. Har yau akwai masu wannan ra'ayi. Duk da haka ba gaskiya ba ne a ce Yahudawa ba su da wata alaƙa da ƙasar. Can suke fuskanta in za su yi addu'a, can kaburburan annabawansu suke, kuma ba a taɓa rasa su a Ƙudus da Khalil da Safad da Ɗabariyya ba. Abin da ya kawo rikici shi ne ƙasar da suke begen ba kufai ba ce. A wajajen 1880 mutanenta sun kusa rabin miliyan, Yahudawa a cikinsu ba su wuce kashi 5 cikin 100 ba.

Masu hangen nesa a ɓangarorin biyu sun ga abin da ke tafe. A 1899 Yusuf Diya al-Khalidi, tsohon magajin garin Ƙudus, ya rubuta wasiƙar da ta kai hannun Herzl. Bai musanta alaƙar Yahudawa da ƙasar ba, amma ya ce tana da mutanenta, ya roƙa don Allah a ƙyale Falasɗinu. A 1923 Jabotinsky, uban masu ra'ayin riƙau na Isra'ila, ya rubuta ƙarara cewa ba a taɓa samun 'yan ƙasa da suka miƙa ƙasarsu ga baƙi da son ransu ba, Larabawa ma ba za su yi ba, don haka sai an kafa katangar ƙarfe. Bai ce don su Musulmi ne ba.

A gona aka fara jin zafin abin. Dokar filaye ta Turkawa ta 1858 ta ce kowa ya yi wa gonarsa rajista. Manoma da yawa suka ƙi sa sunansu don tsoron haraji da ɗaukar 'ya'yansu soja, sai attajiran birni suka rubuta filayen da sunansu. Manomi ya ci gaba da noma inda kakansa ya noma, yana ba da kaso, bai san an yi wani canji ba. Kamar dai mutumin ƙauye ne a nan da ya gaji gona kaka da kakanni, ranar nan a zo masa da takarda daga birni a ce wani alhajin da bai taɓa gani ba ya sayar. Haka iyalan Sursuƙ na Bairut suka sayar da kwarin Marj Ibn Amir ga ƙungiyoyin Sahayoniyawa a shekarun 1920. A takarda ciniki halal ne, an biya kuɗi. Amma ƙa'idar asusun da ke sayen filayen ita ce ƙasar da aka saya ba ta sake fita daga hannun Yahudawa, kuma Bayahude ne zai yi aiki a cikinta. Wato manomin ba sabon maigida ya samu ba, tashi zai yi. Kuma waɗanda suka fara kwarmata wannan a jarida Kiristoci ne: Najib Nassar mai jaridar Al-Karmil a Haifa, da Isa al-Isa mai Filasɗin a Yafa. Da rikicin Musulmi da Yahudawa ne zalla, me ya kawo su?

Kaya na uku mulkin mallaka. A Yaƙin Duniya na Ɗaya Birtaniya ta yi wa Sharifin Makka alkawarin daular Larabawa, ta raba yankin da Faransa a asirce a 1916, sannan ranar 2 ga Nuwamba 1917 sakataren harkokin wajenta, Balfour, ya rubuta gajeriyar wasiƙa yana alkawarta wa Yahudawa "gida na al'umma" a Falasɗinu. Mutanen da suka kai kusan kashi 90 cikin 100 na mazauna ƙasar, wasiƙar ba ta ko ambaci sunansu ba, "al'ummomin da ba Yahudawa ba" ta kira su. Bayahude ɗaya tilo da ke majalisar ministocin Birtaniya a lokacin, Edwin Montagu, shi ya fi kowa adawa da ita.

Addini ya fara shigowa da ƙarfi ne ta bangon da Musulmi ke kira Buraƙ, Yahudawa kuma ke ganin shi ne abin da ya rage na ginin haikalinsu. A 1928, ranar babban azuminsu, masu ibada suka kafa labule don raba maza da mata. Musulmi suka ce wannan sabon abu ne, yau labule gobe gini. 'Yan sandan Birtaniya suka cire shi da ƙarfi. Daga wannan ɗan labulen aka yi ta zuga har Agustan 1929, inda aka kashe Yahudawa 133 da Larabawa sama da 110. A Khalil an kashe Yahudawa 67, akasarinsu tsofaffin mazauna da ɗaliban addini da ba ruwansu da sayen filaye, yayin da wasu maƙwabta Musulmi suka ɓoye ɗaruruwa a gidajensu. Muftin Ƙudus, Alhaji Amin al-Husaini, ya gane cewa manomin da aka kora ba zai motsa zuciyar Musulmin Indiya ko Jawa ba, amma Al-Aƙsa za ta motsa. A 1931 ya tara taron Musulmin duniya a Ƙudus. Shi ne kuma daga baya ya je Balin ya gana da Hitila a 1941, ya yi wa 'yan Nazi farfaganda. Wannan tabo ne, kuma kare shi ba ya ƙara wa Falasɗinawa komai. Amma kisan ƙare-dangin da ya ci Yahudawa miliyan 6, Turawa ne suka tsara shi suka aiwatar a ƙasar Turai. Amurka ta tsuke ƙofarta tun 1924, sauran ƙasashe ma suka noƙe, waɗanda suka tsira suka rasa inda za su sa kansu. Laifin Turai ne, aka kai wa Falasɗinawa takardar biya.

Ranar 29 ga Nuwamba 1947 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince a raba ƙasar, ƙuri'a 33 da 13, ƙasashe 10 suka ƙaurace. Yahudawa, waɗanda a lokacin sun kai kashi ɗaya cikin uku na jama'a kuma filayen da suka mallaka ba su kai kashi 7 cikin 100 ba, aka ba su kusan kashi 55. Suka karɓa, Larabawa suka ƙi. Yaƙi ya ɓarke, aka ayyana Isra'ila ranar 14 ga Mayu 1948, rundunonin ƙasashen Larabawa suka shigo suka sha kashi. Da ƙura ta lafa Isra'ila na riƙe da kashi 78, Falasɗinawa sama da 700,000 sun zama 'yan gudun hijira, ƙauyuka sama da 400 sun zama kufai. Wasu tsoro ya kore su bayan kisan da mayaƙan Yahudawa suka yi wa mutanen ƙauyen Dair Yasin, wasu kamar mutanen Lidda da Ramla da bakin bindiga aka fitar da su, abin da masana tarihin Isra'ila da kansu suka tabbatar bayan an buɗe ma'ajiyar takardun gwamnati. Mutane sun kulle ƙofa sun tafi da makulli, suna zaton mako biyu ne. Ba a bar su sun dawo ba. Kusan kashi 70 cikin 100 na mutanen Gaza na yau su ne ko jikokinsu.

Akwai rabin labarin da mu ba mu cika ba da shi ba. Cikin shekarun da suka biyo baya Yahudawa kusan 800,000 sun bar ƙasashen Larabawa. Waɗannan ba Turawa ba ne. Yahudawan Iraƙi sun riga Musulunci zama a can da sama da shekara dubu, ministan kuɗin Iraƙi na farko, Sasun Hasƙail, Bayahude ne. Amma a 1941 an far musu a Bagadaza an kashe kusan 180, a 1950 da 1951 sama da 120,000 suka fice, aka ƙwace musu takardar zama ɗan ƙasa, aka riƙe dukiyarsu. An yi irin wannan tarzoma a Tarabulus da Adan da Halab. Wakilan Isra'ila sun yi ta zuga su su taho, har a 1954 leƙen asirinta ya sa wasu Yahudawan Masar dasa bama-bamai a Alƙahira da Iskandariyya, abin da ya jefa sauran cikin zargi. Gwamnatocin Larabawa kuwa, da suka kasa cin Isra'ila a fagen fama, sai suka huce a kan 'yan ƙasarsu, suka tura mata ma'aikata da sojojin da take nema. Ban san wautar siyasa da ta wuce wannan a tarihin yankin ba. Kusan rabin Yahudawan Isra'ila a yau zuriyar waɗannan ne, da yawansu kuma su ne ƙashin bayan jam'iyyun riƙau, domin kowane gida da labarin abin da aka baro. Illar ta biyu ta fi ɓoyuwa. Mutumin Bagadaza ko San'a da ya tashi yana da maƙwabci Bayahude, maƙeri ko mai kanti, jikansa bai taɓa ganin Bayahude ba sai sojan da ke cikin talabijin. Can ma yaro na tashi bai san Musulmi ba sai ta shingen bincike.

Har zuwa nan, da harshen kishin ƙasa ake faɗan. Shugaban Masar Jamal Abdul Nasir ɗaure 'yan ƙungiyar 'Yan'uwa Musulmi ta ƙasarsa yake yi. Ƙungiyar 'yantar da Falasɗinu ta PLO da aka kafa a 1964 ba ta addini ba ce, George Habash da ya jagoranci ɓangarenta mafi zafi Kirista ne. Yaƙin kwana shida na Yunin 1967 ne ya juya akalar. Isra'ila ta kama Gabashin Ƙudus da Gaɓar Yamma da Gaza da Sina'i da tuddan Golan, cikin kwanaki ta rushe unguwar Magaribawa da ke gaban Buraƙ ta mai da ita fili. A wajen Musulmi masu kishin addini, kayen hujja ce cewa an bar Allah an kama gurguzu. A wajen Yahudawa masu kishin addini, nasarar alama ce cewa Almasihu ya kusa, daga nan ƙungiyar Gush Emunim ta fito a 1974 tana kafa matsugunan 'yan kama-wuri-zauna a kan tuddan da Attaura ta ambata. Kowa ya koma rumbun nassi ya zaɓo abin da ya dace da fushinsa: wannan ya ɗauko Khaibara da hadisin bishiyar Garƙad mai maganar yaƙi da Yahudawa a ƙarshen zamani, wancan ya ɗauko Amalik, mutanen da littafinsu ya ce a shafe su, sunan da Netanyahu ya ambata a bainar jama'a a Oktoban 2023. Nassosin sun daɗe a wurin. Wanda ya canza shi ne mai karantawa da abin da yake nema.

Daga nan ne kuma batun ya zama na Musulmin duniya baki ɗaya. A Agustan 1969 wani ya cinna wa Al-Aƙsa wuta, mumbarin da Salahuddin ya kawo ya ƙone. Ba Bayahude ba ne, Kirista ne ɗan Ostireliya mai suna Denis Rohan, amma wata guda bayan haka shugabannin Musulmi suka taru a Rabat, aka haifi ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC. Iran bayan juyin 1979 ta sa Juma'ar ƙarshe ta azumi ta zama Ranar Ƙudus, wadda ake yi wa muzahara har a Zariya da Kano. Tun kafin nan ma Sardauna ya ƙi karɓar tallafin Isra'ila a Arewa alhali Jihar Yamma na hulɗa da ita, Najeriya ta yanke hulɗa a 1973, ta maido a 1992. A bakin ɗaya daga ƙofofin Al-Aƙsa har yau akwai unguwar 'yan Afirka, zuriyar alhazan Najeriya da Chadi da Sudan da Senegal da suka wuce Ƙudus bayan Hajji suka zauna. Faɗima Barnawi, wadda Isra'ila ta ɗaure a 1967 bisa dasa bam a wani gidan silima, mahaifinta daga Najeriya ya fito.

Bambancin da shigar addini ya kawo a aikace yake. Ƙasa ana iya auna ta a raba. Masar ta yi sulhu a 1979, ta karɓi Sina'i a 1982, Isra'ila ta rushe garin Yamit da ta gina a can, kuma yarjejeniyar na nan. Amma da zarar an ce kowane taƙi waƙafi ne har tashin ƙiyama, kamar yadda kundin Hamas na 1988 ya ce, ko kuma alkawarin Allah ne ga Bani Isra'ila da ba mai ikon mayarwa, mai sulhu ya zama maci amana. Musulmi ne suka harbe shugaban Masar Sadat a 1981, Bayahude ɗalibin addini ne ya harbe firaministan Isra'ila Rabin a 1995. Tsakanin nan, a azumin 1994, Baruch Goldstein ya shiga masallacin Annabi Ibrahim a Khalil ya kashe masallata 29 suna sallar asuba, Hamas ta mayar da martani da harin ƙunar-baƙin-wake a motocin haya. A 2017 Hamas ta fitar da sabuwar takarda tana cewa faɗanta da Sahayoniyanci ne, ba da Yahudawa don addininsu ba. Amma ranar 7 ga Oktoba 2023, a harin da ta sa wa sunan Al-Aƙsa, an kashe kusan mutum 1,200, akasarinsu fararen hula, aka yi garkuwa da kusan 250. Abin da Isra'ila ta yi wa Gaza bayan nan ya ci rayukan dubun-dubatar mutane, mata da yara da yawa a ciki, ya mai da yawancin zirin ɓaraguzai, har Afirka ta Kudu, ƙasar da Musulmi tsiraru ne a cikinta, ta kai ƙara Kotun Duniya bisa zargin kisan ƙare-dangi. Cikin masu cika tituna a Amurka suna adawa da yaƙin akwai Yahudawa da yawa, cikin masu mara wa Isra'ila baya ido rufe kuma akwai miliyoyin Kiristocin Amurka da ke jiran dawowar Almasihu. Daular Larabawa da Bahrain da Maroko kuwa tun 2020 suka ƙulla hulɗa da Isra'ila, ba su kuma warware ba. Layin bai bi ta inda masu zancen gabar gado suka ce ya bi ba.

Abubuwan da suka hana ruwa gudu a yau ana iya ƙirga su da yatsu, kuma duk na ƙasa da iko ne: waye ke da iko da harabar Al-Aƙsa, wadda har yanzu hukumar waƙafi ta Jordan ke kula da ita yayin da ministocin Isra'ila irin su Ben-Gvir ke kutsawa suna neman a canza tsarin, makomar 'yan gudun hijira kusan miliyan 6 da ke cikin rajistar Majalisar Ɗinkin Duniya, 'yan kama-wuri-zauna sama da 700,000 a Gaɓar Yamma da Gabashin Ƙudus, da tsoron da Bayahuden Isra'ila ke da shi cewa duk ƙasar da ya saki daga nan za a harbo shi. Tsakanin Kogin Jordan da teku Yahudawa da Falasɗinawa sun kusa yin kunnen doki a yawa, kowane ɓangare wajen miliyan 7, ɗaya na da ƙasa da runduna, miliyoyi daga ɗayan ba su da ko ƙuri'a a gwamnatin da ke iko da hanyoyinsu da ruwan shansu. Ranar 18 ga Yulin 2024 majalisar dokokin Isra'ila ta kaɗa ƙuri'a, 68 da 9, tana watsi da kafa ƙasar Falasɗinu. Washegari Kotun Duniya ta bayyana cewa zaman Isra'ila a yankunan da ta kama a 1967 ya saɓa wa doka, kuma wajibi ne ta kawo ƙarshensa.